Ka sayi tabulet sabuwa? Ga kayan da ya kamata ka haɗa mata

Tun shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad, wannan na'ura mai kama da allon ɗan makaranta, wadda ake kira tabulet, ta yi ta yaɗuwa cikin duniya har ta iso gare mu. Yau ana ganinta a hannun alhazan Maraɗi suna lissafin kaya, ana ganinta a biro-biron Yamai ana karanta takardu, ana kuma ganinta wurin malaman lakwal da ma'aikatan kiwon lafiya masu zagaya ƙauyuka suna ɗaukar bayanai. Sai dai mutane da yawa sukan zuba kuɗinsu kaf a kan na'urar, su fito daga kanti da ita tsirara, ko kuma su bar mai kanti ya cika musu leda da tarkacen da ba su san amfaninsa ba. Wanda ya sayi doki kuwa ya san da sauran sirdi da linzami, kuma ba kowane sirdi ke zama a bayan kowane doki ba.

Waɗanda suka ƙera tabulet sun ƙera ta ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. A ƙasar nan tana da abokan gaba uku: ƙura da zafi, rashin tabbas na kuran, da kayan jabu da suka cika kasuwa. Don haka mai karatu, ma'aunin da za ka auna kowane kaya da shi tambayoyi biyu ne. Shin yana kare na'urar daga ɗaya daga cikin waɗannan? Shin yana sauƙaƙa aikin da ka saye ta dominsa? In amsar duka biyu a'a ce, to ka bar kuɗinka cikin aljihu.

Kafin ka shiga kasuwa

Abu na farko, ka san cikakken sunan tabulet ɗinka da lambarta, waɗanda ke rubuce a bayanta ko a jikin kwalinta. Faɗin cewa «Samsung ce» ko «mai inci 10 ce» bai isa ba, domin na'urori biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta wajen inda aka sa kamara da maɓallai da bakin caji. Mafi alheri ka tafi da ita, a gwada komi a gabanka, ko a babbar kasuwar Maraɗi ne, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko shagunan salula na Yamai da Tawa da Ƙonni.

Abu na biyu, ka dubi bakin cajinta. Iri uku ne ke yawo a hannun mutane. Akwai micro-USB na tsoffin na'urori, wanda ke shiga ta fuska ɗaya kawai. Akwai Lightning na tsoffin iPad. Akwai kuma USB-C, wanda ke shiga ta kowace fuska, shi ne kuma ya zama na yau. Tun ranar 28 ga Disamba 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin salula da tabulet da ake sayarwa a ƙasashenta, abin da ya sa manyan kamfanoni suka karkata gare shi. Wanda ke da USB-C zai iya amfani da caja ɗaya ga salula da tabulet, wannan kuwa sauƙi ne ga matafiyi.

Abu na uku, ka ware kuɗin kayan haɗi tun kafin ciniki. Shawararmu ita ce, wanda yake da jika 100, gara ya sayi na'urar jika 80 ya bar 20 domin riga da gilashi da caja ta gari, da ya sayi ta jika 100 ya yi ta yawo da ita ba kariya.

Riga da gilashi, tun ranar farko

Fuskar tabulet ita ce mafi rauni a jikinta, kuma tana cikin sassan da suka fi tsada wajen gyara. Sau da yawa ma ba a samun irinta a nan, sai an aika Kano ko an jira mai zuwa daga Dubai, aiki ya tsaya makonni. Saboda haka gilashin kariya shi ne sayayyar farko. A zaɓi na gilashi mai tauri, ba na leda ba. Na leda yana hana ƙarzuwa kawai, shi kuwa na gilashi yakan karɓi dukan ya fashe, ya bar fuskar na'urar lafiya. A kula kuma da wurin liƙa shi: a cikin ɗaki rufe, an kashe fanka, ba a bakin titi lokacin hunturu ba, domin ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga ƙarƙashinsa ta zauna ke nan.

Riga kuwa iri biyu ce. Akwai mai marfi, wadda ke rufe fuska kamar littafi, ta kuma naɗe ta zama abin jingina a kan tebur. Ita ce ta dace da ma'aikacin biro. Akwai ta roba mai kauri, mai kumburarrun kusurwoyi, wani lokaci da maɗauri a baya inda ake zura hannu. Ita ce ta dace da mai shago, da mai bin manyan motoci, da ma'aikacin da ke fita karkara a kan babur. Na'ura takan faɗi ne a kan kusurwa, don haka a dubi kusurwoyin riga kafin a dubi launinta. In an samu mai ɗan murfi a bakin caji, ya fi, domin nan ne ƙura ke taruwa har caji ya daina shiga. In kuwa ta riga ta taru, a kashe na'urar, a fitar da ita a hankali da ɗan tsinken itace busasshe, kada a sa allura ko wani ƙarfe.

Game da zafi, babu rigar da ke maganinsa. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi aiki da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40 a Yamai da Tawa. Zafi ne ke tsufar da batir da wuri. Kada a bar na'ura cikin mota rufe, ko a gaban gilashin direba, ko a ƙarƙashin matashi ana caji. In rigar mai kauri ce, a cire ta lokacin caji da rana. Duk ranar da aka ga fuskar tabulet ta fara ɗagowa daga jikinta, to batir ne ya kumbura: a daina cajinta nan take, a kai ta wurin mai gyara.

Caja: inda araha ba ta ado

A nan ne aka fi yin asara. Batirin tabulet ya fi na salula girma. Yawancinsu suna tsakanin mAh 7.000 da 10.000. Tsohuwar cajar salula mai wat 5 za ta kwana tana fama da shi, in kuma ana aiki da na'urar a lokacin, zai yiwu a ga caji bai ƙaru ba sam. Yawancin tabulet na yau suna karɓar wat 15 zuwa 45, gwargwadon irinsu, kuma wasu kamfanoni sun daina sa caja cikin kwali, sai igiya kawai. A karanta takardar na'urar a san adadin da take karɓa. Caja ta ƙwarai mai ƙarfin da ya zarce haka ba ta cutar da ita, domin na'urar ce ke ɗaukar abin da take buƙata. Wadda ke cutarwa ita ce ta jabu.

Cikin cajar ƙwarai akwai sassan da ke raba wutar bango mai bolt 220 da ƴar wutar da ke shiga na'ura. Masu yin jabu a nan suke rage kuɗi, shi ya sa cajarsu ke ƙona na'ura, wani lokaci ta ja mai riƙe da ita, ko ta tada gobara. Alamunta ba su ɓuya: ba ta da nauyi a hannu, rubutun jikinta ya dushe ko yana da kurakurai, tana yin zafin da ba a iya riƙewa, kuma in an taɓa fuskar na'urar lokacin caji sai a ga tana tsalle-tsalle ita kaɗai. A jikin ta ƙwarai za a ga an rubuta 100-240 V, alamar tana jure hawa da saukar wuta cikin wannan iyaka.

Akwai kuma batun ƙafa. Kayan da ke shigowa daga Najeriya sukan zo da ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila, alhali gidaje da biro-bironmu mafi yawa suna da ramuka masu zagaye irin na Faransa. Kada a tura da ƙarfi, kada a cusa tsinke ko waya tsirara. A sayi mahaɗi mai kama ƙafa da kyau, ko a nemi caja mai ƙafa biyu tun farko. Igiya ma ba a raina ta. Siririya mai arha tana rage gudun caji ko da cajar ta ƙwarai ce. A zaɓi mai kauri, mai ƙarfafan wuya, tsawon mita ɗaya ko biyu, a kuma ajiye ta biyu cikin jaka.

Sa'an nan a tuna cewa lokacin dawowar kuran bayan yankewa, da lokacin tada gurup, su ne suka fi haɗari ga na'urori. In wuta ta ɗauke a zare caja, sai ta dawo ta daidaita a mayar. Haka nan lokacin hadari mai tsawa a damina.

Batirin ajiya, da lissafin da mai kanti ba ya faɗa

Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, aka shafe watanni cikin ƙarancin kuran har zuwa Maris na 2024. Ko ba wannan ba, kowace bazara da nata yankewar. Don haka batirin ajiya, wanda ƴan kasuwa ke kira fawa-banki, a wurinmu ba kayan ado ba ne.

Amma adadin da aka rubuta a jikinsa ba shi ne ke isa cikin na'ura ba. Ƙwayoyin da ke cikinsa suna aiki da bolt 3,7, sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta fita, kuma wani kashi yana salwanta ya zama zafi. Abin da ke isa bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Ke nan mai 10.000 zai ba da wajen 6.500, wanda ba zai cika tabulet mai 8.000 ko sau ɗaya ba. Mai 20.000 zai ba da wajen 13.000, wato cikawa ɗaya da rabi. Wannan shi ne mafi ƙarancin da ya dace da mai tabulet, kuma a tabbata yana fitar da aƙalla wat 18 ko 20.

Yaya ake gane na jabu? Hannu shi ne sikeli. Mai 20.000 na gaskiya yana kusa da giram 400. Wanda aka rubuta wa 50.000 amma bai kai sabulun wanka nauyi ba, ƙarya ce aka buga masa. A kuma yi hattara da mai ɗan farantin hasken rana a bayansa. Farantin bai wuce tafin hannu ba, wutar da yake bayarwa ba ta wuce wat ɗaya ko biyu, sai ya yi kwanaki da yawa a rana bai cika ba, ga shi kuma ranar tana dafa batirin. Wanda ke aiki inda babu kuran, gara ya sayi faranti daban mai naɗewa, na wat 20 ko fiye, ya shanya shi a rana, batirin kuwa yana inuwa a ƙarshen igiya.

Ga masu zuwa Makka, ko sarin kaya Dubai da Sin: ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin ajiya ba ya shiga akwatin da ake sawa a cikin jirgi, sai jakar hannu, kuma iyakar da ake bari ba tare da izini ba ita ce Wh 100, wato wajen mAh 27.000. Mai 20.000 yana ƙasa da haka.

Inda lissafi ke kwana

Ga ɗan kasuwa, abin da ke cikin na'ura ya fi na'urar daraja. In tabulet ta ɓace ana sayen wata, amma sunayen masu bashi da hotunan takardun duwan ba a sayensu a kasuwa. Yawancin tabulet masu Android, irin su Samsung da Lenovo, suna da ramin katin memwar, ita kuwa iPad ba ta da shi, don haka mai sayen iPad ya zaɓi girman ma'ajiyarta tun a kanti.

Katin memwar yana cikin kayan da aka fi yi wa jabu. Akan ɗauki ƙaramin kati a sauya masa bayani, ya riƙa nuna giga 128 alhali 8 ne cikinsa. Da farko yana aiki lafiya. Ranar da ya cika, sai sabon abu ya hau kan tsohon, a wayi gari hotuna ba su buɗewa. Gwajinsa ba wuya: kafin a ba shi amana, a cika shi da manyan bidiyo har baki, sa'an nan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duka sun buɗe, katin na gaskiya ne. Amma in kati mai 64 ya nuna wajen 59, wannan ba zamba ba ce, bambancin hanyar ƙidaya ne tsakanin masu ƙera kati da na'ura.

Ko katin ƙwarai ne, ajiya ɗaya ba ajiya ba ce, tunda ɓarawo da na'ura da kati yake tafiya. A nemi kilen USB mai baki biyu, ɗaya na tabulet ɗaya na kwamfuta, a riƙa kwafe muhimman abubuwa kowace Juma'a, a ajiye shi a gida. Masu intanet suna da giga 15 kyauta a asusun Google, ko giga 5 a iCloud. Ma'aikacin gwamnati dai ya yi hankali: takardun aiki da bayanan jama'a amana ce, ƙasar nan kuma ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017. Kada ya zuba su a asusunsa na kansa ba da sanin shugabanninsa ba, kuma ya sa wa na'urar lambar sirri tun ranar farko.

Kowa da aikinsa

Sauran kaya sun danganta ga sana'a. Mai rubuta rahoto da wasiƙu yana buƙatar kilabiye, wato allon maɓallan rubutu, mai haɗuwa ta Bluetooth. A nan akwai tarkon da ke kama ma'aikata da yawa. Kilabiyen da ke zuwa daga Kano da Dubai galibi tsarin Ingilishi ne, wanda layinsa na sama ya fara da QWERTY. Wanda ya saba da biro ɗinmu kuwa ya saba da AZERTY, mai ɗauke da é, è, à da ç a fili. Ana iya sauya tsarin daga cikin na'ura, amma haruffan da ke zane a kan maɓallai ba za su sauya ba, sai mutum ya danna wani ya ga wani. A buɗe kwali a duba kafin a biya. Mai rubutu da Hausa kuma ya sani cewa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba su kan waɗannan maɓallai. A fuskar na'ura ake samunsu cikin sauƙi, in an zaɓi Hausa a manhajar Gboard. Shi kuwa mai shagon da aikinsa shigar da adadi ne da aika saƙon murya, kilabiye nauyi ne kawai zai ƙara masa.

Alƙalamin tabulet ma iri biyu ne. Mai bakin roba yana aiki a kan kowace na'ura, amma bai fi yatsa da komi ba. Na gaskiya, mai rubutu siriri kamar biki, ba ya aiki sai da na'urar da aka yi shi dominta: Apple Pencil sai iPad, kuma ko a cikinsu kowane iri da na'urorin da yake bi, S Pen kuma sai wasu daga cikin na Samsung, inda sau da yawa yakan zo cikin kwali. Yana da amfani ga mai sa hannu a takarda, da mai zanen gini, da malami mai gyaran aikin ɗalibai. Wanda ba ya cikin waɗannan ya dakata tukuna.

Ƴan kasuwa suna sha'awar ƴar injin buga rasit mai haɗuwa da tabulet. Tana da sauri kuma ba ta cin tawada, domin da zafi take rubutu a kan takarda ta musamman. Wannan ne kuma aibinta a ƙasa irin tamu: zafi da hasken rana suna shafe rubutun, wani lokaci takardar ta yi baƙi. Ta isa ga cinikin yau da kullum, amma kada a dogara da ita wajen shaidar bashi ko yarjejeniya. Irin waɗannan a rubuta su da biki, a kuma ɗauki hotonsu.

Game da intanet, tabulet iri biyu ce: mai karɓar katin SIM da marar karɓa. Babu wani abin da za a saya a liƙa wa ta biyun ta zama ta farko. Sai dai ba lalle ne a sayi wani akwatin Wi-Fi ba, tunda salular da ke aljihu tana iya raba mata intanet. Akwatin yana da amfani ne inda mutum uku ko huɗu za su yi aiki tare a shago ko biro. Abin saurare na kunne kuwa, mai igiya ya fi arha kuma ba ya neman caji, amma a duba ko na'urar tana da raminsa, domin sababbi da dama ba su da shi.

Jerin sayayya

In kuɗi bai isa a sayi komi rana ɗaya ba, ga tsarin da ya kamata a bi. Ranar farko, gilashi da riga. Cikin makon farko, caja ta ƙwarai da igiya biyu. In wata ya yi, batirin ajiya mai 20.000 da kilen USB. Kilabiye da alƙalami da injin rasit su jira har an yi wata guda ana aiki da na'urar, lokacin aikin da kansa zai nuna abin da ya rage.

A kowane mataki, a sayi kaya wurin mai shago tsayayye wanda za a iya komawa gare shi, a gwada a gabansa, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da kwanan wata, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa ne ake iya mayarwa. Mai kantin da ya ƙi a buɗe kwali a gwada ya riga ya faɗi abin da ke ciki. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya sa albarka cikin nema.